KAFIN MU JE AWON LAFIYA A ASIBITI



Kowace shekara, bayan 'yan aji shida sun gama jarrabawarsu ta ƙarshe sun kwashe akwatunansu, ba a daɗewa sai mu ga waɗansunsu sun komo da wata takarda a hannu. Jami'a, ko makarantar koyon aikin jinya, ko kwalejin horon malamai ta karɓe su, amma ta ce sai sun kawo shaidar likita cewa lafiyarsu ƙalau. Sa'ad da za su tafi hidimar ƙasa, za a sake neman irin wannan takarda. Mai neman aikin soja ko na ɗan sanda ma haka ne. In maganar aure ta taso kuma, ikilisiyoyi da yawa ba sa yin sanarwa sai an kawo sakamakon gwajin jini. Wato kusan kowane ɗayanmu zai tsaya gaban likita wata rana, ba domin yana ciwo ba, sai domin a duba shi kawai. Mu da muke kula da ɗakin shan magani na makaranta mun raka ɗalibai asibiti sau da yawa, mun kuwa lura kuskuren da na bara suka yi shi na bana suke maimaitawa. Dalilin wannan darasi ke nan.

Akwai masu cewa, mutum yana zaune lafiya, me zai kai shi tono wa kansa ciwo? Waɗansu ma suna ganin rashin bangaskiya ne. Ba mu yarda da wannan ba. Wanda ya karanta Littafin Firistoci sura 13 zai ga firist ne aka ba aikin duba fatar mutum, in bai tabbata ba ya keɓe shi kwana bakwai, sa'an nan ya sake dubawa. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara kuma ba su raba ta da aikin asibiti ba: an kafa asibitin Vom a 1922, asibitin ido na Kano a 1943, na Galmi a Nijar a 1950, na Jankwano a Jos a 1959. Ban da wannan, cututtukan da suka fi yi wa mutanenmu ɓarna a ɓoye, kamar hawan jini da ciwon suga da ciwon hanta, sukan yi shekaru a jiki ba ko ciwon kai. Mutum yana noma, yana waƙa a mawaƙan ikilisiya, ranar da abin zai nuna kansa ya riga ya taɓa ƙoda ko ido ko ƙwaƙwalwa. Awo ba ya kawo ciwo. Abin da ke can dā ma shi yake nunawa.

Sai mu faɗi wata magana mai ɗaci tun da wuri. Mun san akwai inda ake biyan kuɗi a buga wa mutum hatimi a takarda, ba wanda ya ko taɓa hannunsa. Ɗalibi yana ganin ya huta da layi. To, farko dai ƙarya ce, mu kuwa mun san matsayin ƙarya. Na biyu, kansa ya cuta. Wanda yake da asma ko wata matsalar zuciya da bai sani ba, ya kai takardar da ta ce lafiyarsa lau, shi za a sa a fareti cikin rana tare da kowa, gama ba abin da ya nuna a sassauta masa. Gara a sha wahalar kwana biyu a sami takardar gaskiya.

Tun kafin ranar

Shiri ba da safen ranar yake farawa ba. A karanta takardar da aka aiko sosai, a ga waɗanne gwaje-gwaje ake so, kuma daga wane irin asibiti, domin waɗansu hukumomi ba sa karɓar shaida sai ta asibitin gwamnati. In da hali a leƙa asibitin kwana ɗaya ko biyu kafin nan, a tambayi inda ake yankan kati, da kuɗin kowane gwaji, da ko akwai wanda sai da azumi. A tanadi hotunan fasfo, da tsohon katin asibiti, da katin rigakafi in iyaye sun ajiye. Kada a bar abin sai saura kwana ɗaya a rufe rajista, gama ba kowane sakamako ke fitowa a ranar ba.

Akwai kuma aikin gida da ba mai iya yi mana shi sai iyaye. Likita zai tambaya ko akwai mai hawan jini, ko suga, ko sikila, ko farfaɗiya, ko tarin fuka a gidanku. Zai tambaya ko an taɓa kwantar da kai, ko an taɓa yi maka aiki ko ƙarin jini, ko akwai maganin da jikinka ba ya so. Yawancin ɗalibai sai su ce babu, alhali ba su taɓa tambaya ba. A zauna da mama ko kaka a tambaye su. Iyayenmu, muna roƙonku, in yaro ya tambayi abin da ya kashe kakansa ko wansa da ya rasu yana ƙarami, kada ku ce masa ajali ne ku yi shiru. Ku gaya masa yadda ciwon ya kasance. Wanda yake shan wani magani kullum kuma ya tafi da kwalinsa, har da na gargajiya da wanda ya saya a kemis, domin "wani farin ƙwaya ƙarami" ba suna ba ne da likita zai gane.

Daren jajibere da safiya

In an ce za a auna suga da azumi, ma'anarsa a yi aƙalla awa 8 ba a ci kome ba. A ci tuwon dare kamar kullum, daga nan sai ruwa zalla har a ɗebi jinin. Ruwa ba ya ɓata gwajin, yana ma sa jijiya ta fito a same ta da sauƙi. Amma shayi, da kunu, da lemon kwalba, da alewa, duk abinci ne. Mun taɓa raka wani yaro wanda ya rantse bai karya ba, da aka matsa masa sai ya ce ƙosai uku kawai ya saya a tasha, wai ai ƙosai ba abinci ba ne. Kuɗin mota ya tafi a banza, sai da ya komo kashegari. Sugan mai azumi in ya tsaya tsakanin 70 da 99 daidai ne. In ya kai 126 ko fiye, za a sake aunawa wata rana kafin a ce mutum yana da ciwon suga. Waɗansu asibitoci da wani ma'auni suke rubutawa, inda 126 ɗin nan yake zama 7.0, saboda haka kada a firgita da ganin ƙaramar lamba. A tafi da abin kari a jaka, a ci da zarar an gama. Iyayenmu masu shan maganin suga ko yin allurarsa su tambayi likita yadda za su yi da maganin safiyar nan, kada su yanke wa kansu. In ba a ce a yi azumi ba kuwa, a karya kumallo kamar kullum. Layin asibiti da yunwa ba sa shiri.

A yi barci sosai. Kada a buga ƙwallo mai tsanani ko a yi dogon gudu ana gobe za a je, domin yana iya sa a ga alamar jini ko furotin a fitsari wadda ba ta ciwo ba ce. A yi wanka, a sa riga mai sauƙin naɗe hannu da sauƙin tuɓewa. Mai tabarau ya tafi da tabaransa.

Awon hawan jini shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Mutum ya sauko daga babur, ya haura bene da gudu, ya miƙa hannu yana haki, dole lamba ta hau. A zauna shiru minti 5 tukuna, a jingina baya, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada a yi magana sa'ad da ake awon. In ana jin fitsari a fara zagayawa. Minti 30 kafin awo kada a sha kofi ko taba, kada kuma a ci goro. Wannan na dattawanmu ne, gama abin da ke cikin kofi mai hana barci yana cikin goro. Awon da ke kusa da 120 bisa 80 shi ake so. In ya kai 140 bisa 90, ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an sake a wata rana dabam, domin akwai mutanen da ganin farar rigar likita kaɗai yakan tayar musu da jini. Wanda aka riga aka sa wa maganin hawan jini ya sha abinsa da safen nan. Waɗansu sukan bar shi wai don a ga gaskiyar jikinsu, alhali abin da likita yake so ya gani shi ne ko maganin yana aiki.

Kwalaben ɗakin gwaji

A nan ne kunya take kama ɗalibai, musamman 'yan mata. Ba abin kunya ba ne, ma'aikatan nan aikinsu ke nan kowace safiya. Kwalbar da suka bayar ita za a yi amfani da ita, ba tsohuwar kwalbar magani ko ta man shafawa daga gida ba. A wanke hannu da gaba, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya, a rufe, a miƙa nan da nan, kada ya yi awoyi a aljihu. 'Yar da take al'ada ta faɗa wa sista a hankali, domin jinin yana iya shiga fitsarin ya rikita sakamako; sau da yawa za a ce ta dawo bayan ta gama. Akwai inda dokar take juyawa. Yaran da suka tashi suna wanka a kududdufi ko madatsar ruwa, in suna ganin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ake zato, don haka na ƙarshen ake so, kuma tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fita. A waɗansu ƙauyuka ana ɗaukar wannan jini alamar yaro ya zama namiji. Ciwo ne, yana lalata mafitsara a hankali, maganinsa kuwa ƙwayoyi ne na yini ɗaya.

Na bayan gida ɗan kaɗan ake so, kada ya gauraya da fitsari ko ƙasa. Wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ko na tsutsar ciki a kwanakin nan ya faɗa. Kada kuwa wani ya karɓi na abokinsa ya miƙa. Mun ji ana yi.

Jinin da ake ɗiba bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, babban mutum kuwa yana da wajen lita 5 a jikinsa. Ba ya rage ƙarfi, ba a kuma bukatar lemon kwalba da madara a mayar da shi. Wanda ya san yakan ji jiri in ya ga allura ya faɗa tun farko a kwantar da shi. A lura an ɓare sabuwar allura a gabanka, an kuma rubuta sunanka daidai a jikin kwalbar kafin ka tashi. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, gama a aji ɗaya mukan sami masu suna ɗaya har uku.

Maganar jinotaif

A nan za mu daɗe kaɗan. Abu biyu ne mutane suke haɗawa. Rukunin jini, wato A, B, AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901, amfaninsa wajen ƙarin jini ne. Alamar tarawa ko ɗebewa da ke biye da harafin tana da muhimmanci ga mata: mace mai alamar ɗebewa in ta haifi jariri mai alamar tarawa, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 don kare 'ya'yan da za su biyo baya. Jinotaif kuwa dabam ne. Shi ne AA, AS, SS, AC ko SC, harafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, ba ya kuma canzawa har mutuwa.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Mai AS ba majiyyaci ba ne, yana ma da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa harafin S ya yawaita a ƙasashenmu ke nan. Damuwa tana zuwa sa'ad da AS ya auri AS. An kiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila kowace shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. Mun sha jin ana cewa, ai ɗaya cikin huɗu ne, in mun haifi uku muka tsaya mun tsira. Ba haka lissafin yake ba. Ku ɗauki kwabo biyu ku jefa sama. Sau ɗaya cikin huɗu dukansu biyu za su faɗi ta baya, amma kwabo ba ya tuna yadda ya faɗi ɗazu. Kowane ciki sabuwar jifa ce. Akwai gidan da 'ya'ya biyar ba mai SS ko ɗaya, akwai kuma gidan da na fari da na biyu da na uku duk SS ne. AS da AC ma suna iya haifar SC, wanda shi ma sikila ne, ko da yake sau da yawa bai kai SS tsanani ba.

Shi ya sa muke cewa a san jinotaif tun ana makaranta, tun zuciya ba ta kama kowa ba. Fastocinmu sun san irin kukan da ake yi a ofishinsu sa'ad da sakamako ya fito bayan an kai kaya, an sa rana, 'yan Zumuntar Mata sun fitar da anko. A lokacin nan ne jaraba takan zo a nemi wanda zai sauya takarda. Da an sani shekara biyar baya, da ba a kai nan ba.

A tabbata gwajin da aka yi mai fitar da haruffan ne, domin akwai wani ƙaramin gwaji mai nuna akwai S kawai, ba ya raba AS da SS. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce ya faɗa, gama jinin wani yana iya ɓoye nasa. Tun da ɗakin gwaji ma yakan yi kuskure, shawararmu ita ce a yi sau biyu a wurare biyu dabam. Ga 'yan'uwanmu masu SS da ke cikinmu kuma, wannan ba la'ana ba ce, ba kuwa zunubin kowa ba. Da shan ruwa da yawa, da kariya daga sauro da sanyi, da zuwa asibiti a kan kari, da yawa suna gama karatu, suna aiki, suna aure. Kada mu ji wani ya mai da haruffan nan sunan tsokana a ɗakin kwana.

Ciwon hanta nau'in B ya fi HIV yawa a cikinmu nesa ba kusa ba. Babban binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya sami kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, HIV kuwa kashi 1.4 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Sai a 2004 aka sa rigakafinsa cikin alluran jarirai, saboda haka malamai da iyaye yawancinsu ba su samu ba, cikin ɗalibai ma akwai waɗanda aka tsallake. In gwaji ya nuna babu, a karɓi rigakafin, allura uku ne cikin wata 6. Yana yaɗuwa ta jini da saduwa da kuma daga uwa zuwa jariri, ba ta cin abinci a kwano ɗaya ba. Abin da za a daina shi ne aron reza da askar aski da buroshin haƙori. Gwajin HIV kuwa da yardar mutum ake yinsa, bayan an yi masa bayani, sakamakon kuma asirinsa ne. Dokar ƙasa ta 2014 ta hana a nuna wa mai ɗauke da ƙwayar bambanci. Akwai magani, kyauta ake bayarwa, mai shansa kullum yakan yi rayuwarsa kamar kowa.

Hoton ƙirji ba ya ciwo, bai fi minti kaɗan ba. A cire sarƙa da duk abin da yake da ƙarfe a ƙirji, a ja numfashi a riƙe sa'ad da aka ce. Macen da take da juna biyu, ko take zaton haka, lalle ta faɗa kafin ta shiga. Wanda ya yi mako 2 yana tari, ko yana zufa da dare yana ramewa, kada ya danne tarin a gaban likita don tsoron a hana shi takarda. Tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wanda ya ɓoye shi kuwa zai kai wa abokan ɗakinsa na jami'a. Wajen awon ido, ana tsayawa mita 6 daga allon haruffa, a rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Kada a haddace layin ƙasa daga bakin na gaba. Mun ga ɗaliban da aka ɗauka ba su da ƙoƙari shekara da shekaru, ashe allo ne ba sa gani.

Gaban likita

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka tambaya a amsa shi yadda yake, ko game da giya ne, ko ƙwaya, ko abin da ya shafi al'aura. Likita ba dattijon ikilisiya ba ne, ba zai kai ka gaban majalisa ba, aikinsa ma ya hana shi fitar da maganarka. 'Yar da za a duba jikinta tana da iko ta ce a kira mata sista ta tsaya a ɗakin. In akwai abin da ke damunka, rubuta shi a takarda tun daga gida, gama da yawa sai sun fito suke tunawa. In Turancin ya yi nauyi, a ce, "Likita, don Allah a maimaita mini da Hausa." Ba wanda zai rage maka maki.

Sa'ad da sakamako ya fito, a komar da shi wurin likitan da ya aika, kada a tsaya a bakin ƙofa ana gwada na juna, kada kuma a kai wa mai kemis ya fassara. Lamba ɗaya da ta ɗan kauce ba ita ce ciwo ba. Wani lokaci maimaitawa kawai za a yi. In kuwa an sami wani abu, a tambayi sunansa, da abin da za a yi, da ranar dawowa, a rubuta. Kafin a miƙa wa makaranta ko ofis, a yi hoton kowace takarda a ajiye a gida tare da takardar haihuwa da ta baftisma. Rukunin jini da jinotaif kuma a rubuta su a ɗan kati a sa a walat. 'Yan aji biyar da suke so a duba nasu kafin su shiga shekarar ƙarshe, su kawo sunayensu ɗakin shan magani a makon farko na sabon zango, tare da takardar yardar iyaye.